Ɗaukar Hoton Mushtari da Zuhal: Hanyoyi Huɗu na Haɗa Kyamara da Teleskof

Duk wanda ya taɓa kafa ido a teleskof ya ga zoben Zuhal, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ya zaro waya ya ɗauka, don in ya ba da labari da baki ba kowa zai gaskata shi ba. A nan kuma ake fara cin karo. Abin da ido ya gani tangaran, sai waya ta fito da shi ɗan farin ɗigo mai rawa, ko allon ya yi baƙi ƙirin. Sai mutum ya ɗora wa kyamara laifi, ya shiga lissafin sayen mai tsada. Galibi ba daga nan matsalar take ba. Tana wurin haɗi ne: yadda aka ɗaura kyamarar a bakin teleskof, da gilashin da aka bari ko aka cire a tsakaninsu.

Hanyoyin haɗin huɗu ne, kowace da kuɗinta, da wahalarta, da iyakar abin da za ta iya. Wannan jagora ta malamin kimiyya ce da makarantarsa ta samu teleskof aka jibge shi a sito, da mai hoton biki da ke da Canon ko Nikon yana so ya gwada ta a sama, da duk mai sha'awa a Ƙafin Maiyaki da kewaye, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa. Duniyoyin da za mu yi magana a kansu su ne Mushtari, Zuhal, Mirrihi da Zahra, waɗanda littattafan makaranta ke kira Jupiter, Saturn, Mars da Venus.

Abu biyu da ke sa aikin wuya

Na farko ƙanƙanta. Girman abu a sama da kusurwa ake auna shi. Digiri ɗaya ana raba shi gida 3,600, kowane gida sunansa daƙiƙar kusurwa. Wata ɗan daren sha huɗu faɗinsa kusan rabin digiri ne, wato daƙiƙa 1,800. Mushtari kuwa tsakanin 30 da 50 take kaiwa da komowa, ke nan sai an jera irinta kusan 40 kafin su cike faɗin wata. Ƙwallon Zuhal 15 ne zuwa 20, in an haɗa da zobe ya doshi 45. Mirrihi, ko a Agustan 2003 da ta yi kusantar da aka daɗe ba a ga irinta ba, 25 ta kai kawai.

Na biyu rawar iska. Duk wanda ya hango kwaltar Kano zuwa Zariya da tsakar ranar bazara ya ga yadda mota daga nesa ke lanƙwashewa tana rawa. Haka iskar da ke samanmu ke yi wa hasken duniyoyi, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Hoto guda da aka ɗauka, kusan kullum a kan lokacin rawar yake faɗawa.

Maganin da aka samo shi ne a daina ɗaukar hoto ɗaya, a koma bidiyo. A farkon shekarun 2000 masu sha'awar taurari suka gano cewa 'yar kyamarar hira ta kwamfuta, irin Philips ToUcam, in aka cire gilashinta aka soka ta a teleskof, tana fin manyan kyamarori fito da Mushtari. Dalili kuwa tana ɗaukar firam dubbai, sannan manhaja ta tsince waɗanda iska ta lafa a cikinsu ta haɗe su wuri ɗaya. Saboda haka tambaya biyu za ka yi wa kowace hanyar haɗi. Ɗigo nawa duniyar za ta cika a kan sensa, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara? Firam nawa masu tsabta za a samu a daƙiƙa?

San lambobin teleskof ɗinka

A jikin bututun akwai lamba biyu. D faɗin baki ne, wato faɗin babban madubi ko gilashi. F tsawon fokas ne, nisan da haske ke yi kafin ya tattaru ya zama hoto. In ka raba F da D ka samu lambar f. Teleskof mai D=150mm da F=1200mm, f/8 ke nan. Mai 130 da 650, f/5 ne. Ramin da ake sa gilashin leƙe kuma, a yawancin ƙananan teleskof inci 1.25 ne, wato milimita 31.75, duk kayan haɗin da za ka saya da wannan awo za ka neme su.

Faɗin duniya a kan sensa lissafi ne mai sauƙi: tsawon fokas sau daƙiƙun kusurwa, a raba da 206,265. Mushtari mai daƙiƙa 45 a teleskof mai 1200mm, milimita 0.26 take fitowa, kwatan milimita ke nan. Dole a ƙara mata girma, amma ƙarin yana da iyaka. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce: duba girman ɗigon sensarka da awon maikiron, ka ninka sau 5, abin da ya fito shi ne lambar f da za ka nema. Ɗigo mai 2.9 yana son kusan f/15, mai 3.75 yana son f/18 zuwa f/20, mai 4.3 yana son kusan f/21. In ka gaza haka, akwai abin da teleskof ya kawo amma sensa ba ta kama ba. In ka zarce sosai, hoto ya yi girma ya dushe, ba tare da ƙarin komai ba.

Hanya ta ɗaya: waya a bakin gilashin leƙe

Nan ba a cire komai. Gilashin leƙe yana nan, gilashin waya yana nan, wayar ce kawai ke maye gurbin idonka. Girman da za ka samu shi ne F a raba da lambar gilashin leƙe: 1200 a raba da 10, ninki 120. Kada ka wuce ninki biyu na faɗin bakin teleskof da milimita, wato 300 ga mai D=150, kuma a yawancin darare rabin haka ya fi kyau.

Riƙe waya da hannu yana yi wa wata, amma ba ya yi wa duniyoyi. Ana buƙatar maƙali mai cafke gilashin leƙe ta gefe ɗaya, ya cafke waya ta ɗaya gefen. Akwai masu araha na roba, akwai irin Celestron NexYZ mai maƙunnai uku, da ke matsar da waya hagu da dama, sama da ƙasa, gaba da baya. Kafinta mai basira ma zai iya haɗa maka da guntun falanki da bututun famfo da ƙusa mai murɗi. Abin lura shi ne idon wayar ya zauna daidai tsakiyar gilashin, kuma a tazarar da ta dace. In ya matsa da yawa ko ya ja baya, za ka ga baƙin da'ira ya cinye gefe. Ka yi wannan saiti tun da rana a kan hasumiyar masallaci ko turken sabis mai nisa, ba cikin duhu ba.

Gilashin leƙe masu ƙaramar lamba, irin 6mm ko 4mm, ramin idonsu ƙanƙane ne, waya na shan wuyar samunsa. Gara 20mm ko 25mm da aka ɗora a kan Barlow, wanda bayaninsa na tafe.

Babbar matsalar waya ita ce karambani. Tana ganin duhu sai ta buɗe ido iya ƙarfinta, Mushtari ta ƙone ta zama farin ƙwallo ba layi ko ɗaya. Waya mai ido uku ko huɗu kuma takan sauya ido da kanta, allo ya yi baƙi. Shiga sashen Pro na kyamarar, wanda yawancin Tecno, Infinix, Redmi da Samsung na yanzu ke da shi, ko ka sauko da manhajar Open Camera, kyauta ce. Kulle fokas a nesa, sauke ISO, ka sa shata wajen 1/60 zuwa 1/125, kana ragewa har layukan nan biyu masu duhu su bayyana a jikin Mushtari. Saitin fokas na ƙarshe daga maƙunnin teleskof za ka yi shi, ba daga waya ba. Ɗauki bidiyo a mafi girman awon da wayar ke da shi, ka tayar da shi da mai ƙidayar daƙiƙa ko maɓallin iyafis, don kada taɓawa ta girgiza bututu.

Da wannan hanya za ka samu layuka biyu na Mushtari, da watanninta huɗu da Galileo ya gano a Janairun 1610, da zoben Zuhal a rabe da ƙwallonta, da Zahra in ta zama kamar jinjirin wata. Iyakarta ita ce waya tana matse bidiyo tana goge ƙananan alamu da sunan gyara, kuma abin da ta goge ba manhajar da za ta dawo da shi.

Barlow: ɗan gilashin da ba a rasa shi

Barlow ɗan bututu ne mai gilashi a ƙasa, ana soka shi a ramin teleskof, sannan a soka gilashin leƙe ko kyamara a cikinsa. Sunan Peter Barlow ya ci, masanin lissafi na Ingila a ƙarni na 19. Aikinsa ninka tsawon fokas: mai 2x ya mai da 1200mm ya zama 2400mm, f/8 ya zama f/16. Ninkin da aka rubuta a jikinsa ba tsayayye ba ne. Duk nisan da sensa ta ƙara yi daga gilashinsa, ninkin na ƙaruwa, shi ya sa mai 2x kan ba da 2.5 ko fiye in aka ɗaura masa babbar kyamara. Guji masu 5x na roba da ake cusawa a kwalin teleskof masu araha. Barlow 2x ɗaya mai kyau ya fi su amfani.

Hanya ta biyu: babbar kyamara kai tsaye

Nan ana cire gilashin kyamara, a cire gilashin leƙe, teleskof ya zama shi ne gilashin kyamarar. Kaya biyu ake buƙata: zoben T, wanda gefensa ɗaya ke shiga bakin kyamara, da ɗan hanci mai inci 1.25 da ake murɗawa a ɗaya gefen. Zoben Canon daban, na Nikon daban, na Sony daban. Zaren murɗin T faɗinsa 42mm ne, tazararsa 0.75mm. Akwai wani tsohon zare na gilasan Pentax da Zenit, shi ma 42mm amma tazararsa 1mm. Suna kama, suna fara shiga juna, in ka matsa da ƙarfi ka lalata duka biyun.

Ga wata, wannan hanya ba ta da na biyu. A 1200mm wata cikakke yana fitowa kusan milimita 11, ya zauna daram a cikin sensa mai faɗin 22mm. Ga duniyoyi kuwa akwai tarnaƙi uku.

Na farko, teleskof irin na Newton, wanda ake leƙawa ta gefe kusa da baki, sau da yawa ba ya kai fokas da babbar kyamara. Sensa tana can ciki, milimita 55 daga fuskar zoben T, maƙunni ya shige har ƙarshe hoto bai fito ba. Ba lalacewa ba ce. Sa Barlow, zai turo fokas waje. Irin Maksutov da Schmidt-Cassegrain ba su da wannan matsala.

Na biyu, ƙanƙanta. Canon mai megafiksel 18, irin 550D, 600D da 60D, ɗigonta 4.3 ne. Mushtari mai 0.26mm ɗigo 60 kacal za ta cika a cikin 5,184 na faɗin sensar. Sai an ƙara Barlow an kai wajen f/20 kafin ta haura ɗigo 150.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane. In ka ɗauki bidiyon 1080 na yau da kullum, kyamara tana ƙanƙance faɗin sensa duka ne zuwa ɗigo 1,920, ke nan kusan kashi biyu cikin uku na faɗin da ka sha wahalar samu ya tafi. Abin nema shi ne bidiyon da ke yanko tsakiyar sensa ɗigo da ɗigo. Canon 550D da 60D suna da shi a sashen bidiyo, 640 sau 480, firam 60 a daƙiƙa. Ga sauran Canon, manhajar BackyardEOS tana iya naɗar abin da allo ke nunawa in an zuƙo shi sau 5, ta wayar USB zuwa kwamfuta.

Sai nauyi. Kyamara mai rabin kilo ko fiye tana rinjayar bututu, tana lanƙwasa maƙunnin fokas na roba. Gyara ma'aunin bututun bayan ka ɗaura ta, ka kuma naɗa igiyar wuyanta a jikin teleskof saboda tsautsayi. A lokacin hunturu kada ka bar bakinta a buɗe. Haɗa zoben T da Barlow tun a ɗaki, gilashin Barlow ɗin ya zama murfi, in ba haka ba ƙura ta zauna a sensa ta biyo ka har hotunan biki.

Hanya ta uku: haskowa ta gilashin leƙe

Wannan tsakanin biyun farko take. Ana cire gilashin kyamara, amma ana barin gilashin leƙe a cikin wani dogon bututu, ya hasko hoton a kan sensa. Ninkin shi ne tazarar gilashi zuwa sensa, a debe lambar gilashin, a raba da lambar gilashin. Gilashin 10mm a tazarar 80mm ninki 7 zai ba da: 1200mm ya koma 8,400mm, f/8 ya koma f/56. Mushtari za ta fito ƙatuwa, amma dishi-dishi, kuma kowace ƙwayar ƙura da ke kan gilashin za ta fito baƙin tabo.

Hanyar zamanin fim ce, lokacin da ake buƙatar ƙaton hoto saboda kaushin fim. Sensar yau ba ta bukatar wannan girma. Haɗin kuma dogo ne, yana da nauyi, yana saurin karkacewa. Amfaninta ɗaya ya rage: wanda ya riga ya mallaki bututun kuma ba shi da Barlow, ya sa gilashin 20mm a tazarar 80mm, ya samu ninki 3, wanda ya dace da teleskof f/8 da ɗigo 4.3. Wanda bai saya ba tukuna, ya sa kuɗinsa a Barlow.

Hanya ta huɗu: 'yar kyamarar duniyoyi

Jikar kyamarar hirar nan ce. Ba ta da allo, ba batir, ba maɓalli. Hanci ne mai inci 1.25 da sensa da ramin USB, ana soka ta inda gilashin leƙe yake, ko a cikin Barlow. ZWO, QHY, Player One da Svbony duk suna yin ta. ZWO ASI224MC ɗigonta 3.75, ASI462MC da ASI662MC kuma 2.9. A teleskof f/8 da ɗigo 2.9, Barlow 2x ya wadatar. A f/5 sai 3x. A Maksutov mai 127mm da 1500mm, wanda ya kusa f/12, ana iya farawa ba Barlow.

Fifikonta a fili yake. Ba ta da nauyi. Ba ta matse bidiyo, ɗanyen abin da sensa ta gani take turawa. Kana iya yanke ɗan fili kewaye da duniyar, 640 sau 480 ko ƙasa, ta ba ka firam 100 zuwa 200 a daƙiƙa. Manhajojin SharpCap da FireCapture ke tuƙa ta. Ga Mushtari fara da buɗe ido na kashi 5 zuwa 10 cikin dubu na daƙiƙa, ka ɗaga gen, wato ƙarfin kama haske na sensa, har ma'aunin haske ya kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, ka adana a tsarin SER. Zuhal ta fi dushewa, tana son ninkin wannan lokaci. Yawancin masu launi suna bukatar matatar da ke tare hasken infrared da ultraviolet a murɗa a hancinsu, in babu ita launi yakan yi ja-ja, hoto ya yi laushi.

Wahalarta uku ce. Dole sai da laftof a gefe, da caji, abin da ba wasa ba ne inda wuta ke zuwa ta ga dama. Cika batir da rana daga sola, rage hasken allo. Tana cin wuri: firam 150 a daƙiƙa na minti biyu firam 18,000 ne, sama da gigabait 5. Sannan sensarta 'yar mitsitsiya ce, ta ASI224 milimita 4.8 sau 3.6, samun duniya a cikinta sai an yi haƙuri. Daidaita ɗan madubin saitin da ke kan bututu sosai. Sa duniyar a tsakiya da gilashin leƙe mai ƙarfi, ka zare shi a hankali ka soka kyamara, ka ɗaga gen har ƙarshe, domin duniyar da ba ta kan fokas faffaɗan zobe ne mai dushewa da ba a saurin gani.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, tsohuwar dabara tana nan. Samu kyamarar hira ta kwamfuta, kwance gilashinta, ka manna mata robar fim ta 35mm da aka yanke gindinta. Faɗin robar ya yi daidai da ramin inci 1.25, kuma akan dace da ita a tsoffin shagunan hoto.

Mazaunin teleskof

Duniyarmu na juyawa, don haka abin da ke sama yana gudu kusan daƙiƙar kusurwa 15 a kowace daƙiƙar agogo. A 2400mm da ASI224, Mushtari tana ratsa allo cikin ƙasa da rabin minti. In mazauninka na turawa da hannu ne, irin Dobson, ajiye ta a gefe ɗaya, saki bututu, ka naɗa har ta fice, ka dawo da ita ka sake. Daga baya a haɗe guntayen.

Mazauni mai mota ya fi sauƙi, amma yankinmu yana da nasa sharaɗi. Kiru, Bebeji da Tudun Wada suna tsakanin digiri 11 da 12 arewa da tsakiyar duniya, Doguwa ɗan ƙasa da 11. Mazauni mai bin juyin duniya a wannan lamba za ka saita shi. Tauraron arewa ma a wannan tsayi yake, ƙasa-ƙasa, hazo kan ɓoye shi, amma ga duniyoyi kamfas ɗin waya ya isa. A wasu mazaunai ƙarfen ma'auni yana dukan ƙafa a wannan kwanciya, sai a juya kan yadda zai faɗa tsakanin ƙafafu biyu. Mazauni mai hagu-dama da sama-ƙasa kuma yana rikicewa in abu ya zo tsakar ka sak, gara a ɗauka awa ɗaya kafin nan ko bayan nan.

Wuri da lokaci

Wannan matsayi namu babbar riba ce. Mushtari da Zuhal, duk inda suka shiga a zagayensu, suna haura digiri 50 a samanmu, wani lokaci su bi ta tsakar ka, inda iska ta fi sirantaka. A London, a 2018, Zuhal digiri 16 kawai take ɗagawa. Shi ya sa Damian Peach, fitaccen mai hoton duniyoyi na Ingila, ya riƙa ɗaukar kayansa zuwa tsibirin Barbados, digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Christopher Go na Cebu a Filifin, digiri 10, kusan layi ɗaya da Riruwai, shi ya lura a Fabrairun 2006 cewa wani farin tabo a jikin Mushtari ya rikiɗe ja. A nahiyarmu ma, Clyde Foster na Centurion a Afirka ta Kudu ya gano sabon tabo ranar 31 ga Mayu 2020, kumbon Juno ya ɗauki hotonsa bayan kwana biyu, har ake kiran tabon da sunansa. Dukansu da 'yar kyamarar bidiyo suke aiki.

Duniyoyi suna da haske, fitilun gari ba sa hana su. Ba sai ka nufi Dajin Falgore da dare ba, bayan gida ya isa. Abin gudu shi ne zafi. Kada ka hango ta saman rufin kwano, ko ka kafa a kan siminti ko dutsen da ya sha rana. Fili mai ciyawa ko gonar da aka girbe ya fi. Fitar da teleskof minti 30 zuwa awa ɗaya kafin aiki ya huce. Mai irin Newton ya duba saitin madubansa kowane dare. Kusa da madatsar Tiga raɓa na sauka a kan gilashi bayan damina, naɗa kwali a bakin bututu ya zarce shi da taƙi ɗaya. Ka kuma sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, domin dogon bututu a kan ƙafa uku cikin dare yana iya tayar da hankalin wanda bai san shi ba.

Daga Yuni zuwa Satumba hadari ne ke da sama. Oktoba da Nuwamba sun fi tsabta. Hazon hunturu in marar kauri ne, rage haske kawai yake yi, a ɗaga gen a ci gaba, in ya yi kauri a rufe kaya. A bazara, goshin asuba ya fi farkon dare natsuwa.

Mushtari, Zuhal da Mirrihi, kowace ta fi girma ne lokacin da muka shiga tsakaninta da rana: ta fito da magariba, ta kai ƙololuwa da tsakar dare, ta faɗi da asuba. Mushtari na yin haka duk wata 13, Mirrihi duk wata 26, Zuhal duk shekara da mako biyu. Na Zuhal ya faɗo 4 ga Oktoba 2026, na Mushtari da Mirrihi duka a Fabrairun 2027, sai dai Mirrihi daƙiƙa 14 kawai ce a wannan zagaye. Zoben Zuhal ya juyo mana gefe a Maris 2025, yana buɗewa a hankali har wajen 2032. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda kowace take. Zahra kuwa kullum kusa da rana take, kada ka neme ta sai rana ta faɗi ko kafin ta fito. Hasken rana ta teleskof yana makantar da ido nan take, yana ƙona sensa.

Daga bidiyo zuwa hoto

Mushtari tana juyawa sau ɗaya cikin awa 9 da minti 55, don haka kada bidiyonta ya wuce minti 2 zuwa 3, in ba haka ba alamunta su goge. Zuhal da Mirrihi suna jure minti 4 zuwa 5. Manhaja uku ne, duka kyauta, a kan Windows. PIPP tana karɓar bidiyon waya ko na Canon, ta tsayar da duniyar a tsakiya, ta haɗe guntaye. AutoStakkert tana jera firam daga mafi kyau zuwa mafi muni, ta haɗe kason da ka zaɓa. Gwada kashi 10, da 20, da 30 cikin ɗari, ka kwatanta. Firam 2,500 da aka haɗe suna rage ƙwayar hayaniya sau 50. RegiStax ita ke kaifafa hoton. Ja maƙunnanta a hankali, da zarar gefen duniyar ya fara yin farin zobe, ka wuce gona da iri.

Wacce za a zaɓa?

Mai waya kawai ya sayi maƙali da Barlow 2x, ya fara da wata a daren 7 ko 8 ga watan Musulunci, lokacin da inuwar duwatsunsa ke fitowa, kafin ya koma Mushtari. Mai Canon ko Nikon ya ƙara zoben T, zai samu wata mai kyau, amma kada ya sa rai da duniyoyi sai kyamararsa na iya yanko tsakiyar sensa. Haskowa ta gilashin leƙe a bar wa wanda ya riga ya mallaki kayanta. Wanda ya ƙudurta yin aikin sosai, yana son Babban Jan Tabo na Mushtari da tsagar Cassini a zoben Zuhal, 'yar kyamarar duniyoyi da Barlow ita ce hanya, kuma kuɗinta bai kai na sabuwar babbar kyamara ba. Wayoyin USB da batir da ma'ajiyar bayanai ana samunsu a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, zoben T da Barlow da kyamarar kuwa galibi odarsu ake yi ta intanet. Kafin ka tura ko sisi, rubuta D da F na teleskof ɗinka da girman ɗigon kyamarar, ka yi lissafin sau 5. In lambobin ba su dace ba, tsadar kaya ba za ta gyara hoton ba.